Sandar Gilashin Sarkin Katifa

Idan ana lissafin manyan mutanen da jihar Maryland ta haifa, a fara da Mista Corbin Stansbury na Uku, sannan a huta, a sha ruwa, a nemo sauran a hankali. Shi ma da kansa haka yake jera su, kuma wa zai yi musu da mutumin da rabin Baltimore ke barci a kan kayansa? Sarkin Katifa ke nan. Duk babbar hanyar da ka bi za ka gan shi a allon talla, kwance da kambin zinariya a ka, yana murmushi da haƙoran da likita ya sha wahala a kansu.

Amma katifa hanyar cin abinci ce kawai. Abin da aka halicce shi dominsa, in ji shi, shi ne kujerar Kwamishinan Gasar Lakuros ta Ƙwararrun Mata ta Gaɓar Chesapeake. Muƙamin ya yi tsawo har katin da yake rabawa sai an ninke shi biyu kafin ya shiga aljihu.

Mu nan, yarinya na fara tsayawa da ƙafafunta ake damƙa mata sandar lakuros mai 'yar raga a kai, ta koyi cafe ƙwallo da ita, ta koyi gudu tana juya sandar ba tare da ƙwallon ta faɗi ba. Mista Stansbury bai ɓata ƙuruciyarsa a irin wannan ba. Sau ɗaya tak aka taɓa ganinsa da sanda a hannu, ranar da aka naɗa shi. Ya riƙe ta ragar tana ƙasa, ya dogara a kanta kamar mai ciwon gwiwa. Da aka yi masa magana, ya ce haka shugabanni suke riƙewa.

Tarihin gasar iri biyu ne. Akwai wanda tsofaffin mata suke bayarwa. Su cewa suke yi wata malamar motsa jiki, Mis Odessa Kellam, ita ce ta gaji da ganin gwanayen ɗalibanta suna gama jami'a su rataye sanda a gareji, shi ke nan an gama. Sai ta tara ƙawayenta biyar a gidan cin ƙaguwa na su Wojcik da ke Dundalk, aka shimfiɗa jarida a tebur, aka zube ƙaguwa, kowace ta ɗauki gudumarta ta fasa ɓawo. Kafin tulin ɓawo ya kai haɓa sun raba ƙungiyoyi shida, kowace mace ɗaya. Kakarmu na cikinsu, kuma har ta koma ga Allah tana cewa yaji ne ya shiga idon Mis Odessa ran nan, kada kowa ya ce kukan daɗi ta yi. Suka fara wasa a filayen aro, suna kai 'yan wasa a motocin gidajensu, suna wanke rigunan da kansu.

Bayan shekaru aka buƙaci bas da fitilun fili. Mista Stansbury ya ce zai bayar, in za a buga sunan katifarsa a ƙirjin riguna, a kuma ba shi kujera. Suka ba shi kujera, a zatonsu zama zai yi.

Sai kuma tarihi na biyu, na gaskiya, domin shi ne aka buga a littafi mai bangon fata. Sunansa *Ni da Lakuros*. A shafin farko marubucin ya gode wa mutanen asalin ƙasar nan da suka ƙago wasan tun ɗaruruwan shekaru, ya ce sun yi ƙoƙari. A shafi na biyu akwai hotonsa yana jariri. Mis Odessa ma ba a manta da ita ba. Tana can wajen tsakiya, an ce "wata malama ta taimaka da shirye-shirye."

A fagen tsari kuwa ba a taɓa yin irinsa ba. Ya kafa Kwamitin Dokoki, ya shugabance shi. Ya kafa Kwamitin Ladabtarwa, aka rasa wanda ya cancanta, ya sadaukar da kansa. Sannan, saboda tsananin son adalci, ya kafa Kwamitin Ɗaukaka Ƙara, don kada a ce mutum ɗaya ke yanke hukunci. Tamsin Rourke, kyaftin ɗin Ƙaguwoyin Dundalk, ta taɓa gwada wannan adalcin. Ma'aikaciyar jinya ce a ranakun aiki, ranar Asabar kuma ba a kai ta cin ƙwallo. Aka ba ta katin gargaɗi, Kwamitin Ladabtarwa ya hana ta wasa ɗaya, ta ce ba ta yarda ba. Mista Stansbury ya miƙe, ya zagaya teburin, ya canza kwat, ya zauna a wata kujerar.

"To, 'yata, me ke tafe da ke?"

"Yallaɓai, yanzun nan fa na gama faɗa maka."

"Kin faɗa wa Kwamitin Ladabtarwa. Ni ban taɓa jin maganar nan ba."

Ta sake faɗa daga farko. Ya saurara da idanu a lumshe, ya ce ya yi nazarin hukuncin abokin aikinsa, kuma bai taɓa ganin hukunci mai hikima irinsa ba.

Dokokin da Mis Odessa ta bari ba su cika shafi ɗaya ba. Mata goma sha biyu kowane ɓangare, ba ture, ba kai sanda kusa da kan wata, ba tsayawa tsakanin mai harbi da raga in kina son haƙoranki. Kwamishina ya ga wannan talauci ne, ya wadata su. A zamaninsa aka san cewa hutun rabin lokaci yana ƙarewa ne idan jawabin Kwamishina ya ƙare. A zamaninsa aka san ba a fara wasa sai ya zauna. Akwai ranar da mata ashirin da huɗu suka tsaya a rana suna jiran wani gasasshen tsiran alade da ya ci ya gama shari'a da cikinsa. Da ya fito aka tafa, ya ɗaga hannu ya amsa.

Ana haka, a farkon bazarar da nake ba da labari, Mis Odessa ta rasu. Masu ƙungiyoyin shida suka taru a gidan cin ƙaguwar nan na Dundalk. Mai gidan yanzu, Misis Bernadette Wojcik, ita kaɗai ta rage cikin matan farko, ta haura saba'in, kuma ba ta taɓa kiran Kwamishina da muƙaminsa ba. Ta buga guduma a tebur ta ce gasar ba ta da kofin kirki, wanda ake bayarwa a kanti aka saye shi, ko suna babu a jiki. Ta ce a ƙera sabo, a sa masa sunan Odessa Kellam. Za a kaɗa ƙuri'a a taron shekara, mako guda bayan wasan ƙarshe.

Kwamishina ya miƙe. Ya ɗaura tsumman cin ƙaguwa a wuya, amma bai taɓa ƙaguwar ba, domin yaji na ɓata murya.

"Ya ku matan kirki," ya ce, "ba wanda rasuwar Mis Odetta ta girgiza kamar ni."

"Odessa," in ji Misis Wojcik.

"Ita ɗin. Amma kofi ba abin makoki ba ne. Kofi na buƙatar suna mai nauyi, sunan da in an faɗa a Washington za a juyo. Sunan da mutane suka riga suka saba gani a kan hanya, suka saba kwanciya da shi, suka saba tashi da shi. Ba zan ambaci kowa ba. Kunya ba za ta bar ni ba."

"Corbin, ɗan nan, zauna ka ci ƙaguwa. Ko kuwa sai an ɓare maka?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi, irin ta manya masu yafe wa jahilai. Amma a mota ya lissafa hannuwa, ya ga ko ɗaya ba zai tashi dominsa ba. Shekara da shekaru yana ɗauke da gasar nan a kafaɗa, ga shi za a miƙa wa matacciya abin da ya kamata ya ɗauki sunan Stansbury har jikokin jikoki. Kafin ya kai gida dabara ta zo masa, kamar yadda take zo wa manyan mutane. A bana ne karon farko da za a nuna wasan ƙarshe a talabijin. In kyaftin ɗin da ta yi nasara ta ɗaga kyauta mai sunansa a gaban kyamara, jiha duka ta gani, wace tsohuwa ce za ta goge shi da ƙuri'a?

Kofi kuma abin kowa ne, har masu gasar kamun kifi suna da shi. Shi sai ya sa wani gwanin gilashi ya zuba masa sandar lakuros ta gilashi zalla, tsawonta da kaurinta daidai da ta gaske, har da ragar. A jikinta, daga sama har ƙasa, aka sassaƙa sunansa da ruwan zinariya, ba a bar ko "na Uku" ba.

Ya yi ta gwajin miƙawa a ɗakin cin abinci, da tsintsiya mai dogon hannu, matarsa Lorraine a matsayin kyaftin.

"Lorraine, ki karɓa da rawar jiki mana. Ki yi kamar kin ci gasa."

"Ai na ci, Corbin. Shekara talatin ina sauraron jawabinka ban suma ba." Ta miƙa masa tsintsiyar. "Wai ka tambayi 'yan wasan kuwa, ko suna son abin nan?"

"Ana tambayar katifa ko tana so a kwanta a kanta? Sake. Wannan karon ki kalle ni da hawaye."

Ranar wasan ƙarshe ta zo da zafin Agusta mai ɗanko. Ƙaguwoyin Dundalk za su kara da Zalɓen Annapolis. Fili ya cika, iyaye da kakanni da yara mata riƙe da ƙananan sandunansu, kowa na tsotsar ƙanƙara mai zaƙi a kofin takarda. Kwamishina ya sa an kafa masa doguwar kujera a bayan raga, inda kyamara ba za ta iya nuna ƙwallo ba tare da ta nuna shi ba. A gefen fili kuma ga dandamalin biki, na farin marmara, wanda ya aro daga wajen wani mai sassaƙa duwatsun kabari. Katako, in ji shi, na masu gwanjo ne.

Ba a daɗe da farawa ba wata 'yar Annapolis ta kutsa ta zura ƙwallo. Alƙaliyar wasa ta busa dogon usur, yarinyar ta saki sandarta ta faɗi a ciyawa, ta ruga ta rungume 'yan uwanta. Haka ake yi. Duk wadda ta ci ƙwallo, da jin dogon usur za ta yar da sanda nan take, alƙaliya ta zo ta ɗauka ta duba ko ragar ta yi zurfin da ya wuce ƙa'ida. In ta yi jinkiri ko na ƙiftawar ido, a ce ta ja igiya ta gyara, a soke ƙwallon. 'Yar shekara takwas ma ta san wannan, kuma ba da kai ta san shi ba, da hannu.

Mai ɗauko rahoton talabijin, wata budurwa da ta yi wasan a jami'a, ta miƙa wa Kwamishina makirufo ta tambaye shi ya ya ga wasa.

"Kin ga abin da yarinyar nan ta yi yanzu?" ya ce. "Kullum haka suke min. Da sun ci ƙwallo sai su ajiye sanda a gabana. Na sha ce musu ba sai sun yi ba, ni mutum ne kamar kowa. Amma girmamawa daga zuci take fitowa, doka ba ta hana ta."

Budurwar ta ce a koma fili.

Wasa ya yi wasa. Aka tashi kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci, wadda ta fara ci ta ɗauka. Tamsin Rourke tana da shekara talatin da biyar, gwiwoyinta biyu naɗe da bandeji, kuma ta riga ta faɗa wa kowa wannan ce shekararta ta ƙarshe. Ta karɓi ƙwallo a bayan raga, ta yi kamar za ta bi dama, ta zame hagu, ta harba ta ƙarƙashin hammatar mai tsaron raga. Usur, sanda a ƙasa, Dundalk ta kwashe da ihu. Misis Wojcik ta jefar da ƙanƙararta a kan hular wani.

Sai babban abin da jama'a suka zo dominsa. Aka jera 'yan wasa gaban dandamali, zufa na ɗiga, Kwamishina ya hau da wani dogon abu lulluɓe da jan ƙyalle.

"Jama'ar Maryland! Lokacin da na tsinci wasan nan yana rarrafe, ba shi da bas, ba shi da fitila, mutane sun ce, Corbin, me ya haɗa ka da wahala? Na ce tarihi ne ya kira ni. Ban nemi yabo ba. Ban nemi godiya ba. Abin da na nema kawai shi ne mata su samu abin da za su riƙe su tuna da wanda ya tsaya musu."

Ya yi magana a kan mahaifinsa, da kakansa, da rangwamen da ake yi a shagunansa har ƙarshen wata. Mai tsaron ragar Annapolis ta zauna a kan kwalkwalinta. Daga ƙarshe ya fizge ƙyallen.

Gaskiya abin ya yi kyau. Rana ta daki gilashin, har mutanen kujerun gaba suka kare ido. Sannan suka karanta abin da ke jiki, aka ji filin ya yi wani irin gunaguni. Misis Wojcik ta miƙe tsaye. "Corbin! Ba a kaɗa ƙuri'a ba!" Amma lasifika a hannunsa take, kyamara kuma na kansa.

"Kyaftin Rourke, matso, 'yata."

Tamsin ta hau dandamali tana ɗingishi. Mis Odessa ce ta fara sa mata sanda a hannu tun tana aji uku, kowa a filin ya san haka. Ta kalli sunan, ta kalli Misis Wojcik, ta waiwaya ta kalli 'yan ƙungiyarta da suka yi bazara guda suna zubar da gumi don wannan lokacin. Ba yadda za ta yi. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, yadda ake riƙe sanda. Mai gilashin gwani ne na gaske, hannuwanta ba su ji wani bambanci ba.

Zuciyar Kwamishina ta cika fal. Saura ta ɗaga kawai. Kuma ya tanadi abin da zai ƙawata lokacin, wanda ko Lorraine bai nuna wa ba. Ya zura hannu a aljihu ya zaro sabon usur na azurfa.

"Jama'a, wannan ita ce babbar ƙwallon da aka taɓa ci a tarihin gasar nan!"

Ya cika kumatu, ya busa. Dogo, mai ƙarfi, irin na cin ƙwallo sak.

Hannuwan Tamsin Rourke suka buɗe.

Ƙarar ta shiga makirufo ta zagaye filin. Gilashi ya watsu a kan marmara kamar an zubar da buhun ƙanƙara. A ƙasa, cikin layin 'yan wasa, 'yan gaba uku su ma sun saki gorunan ruwansu, suna kallon tafukansu da mamaki. Alƙaliyar wasa har ta tako za ta ɗauka ta duba zurfin raga, sannan ta tuna, ta tsaya. A gidanmu har yau in an zauna cin abinci ana gardama, wasu su ce hannun Tamsin ne ya yi, wasu su ce ita ce. Ita dai abin da ta ce a lokacin, idanunta a waje, shi ne, "Wayyo, yallaɓai, ka busa fa."

Muryar Misis Wojcik ta ratso shirun, ba ta buƙatar lasifika.

"Corbin, ɗan nan! Duk katifun da ke garin nan, ka rasa ɗaya da za ka shimfiɗa?"

Filin ya fashe. 'Yan Dundalk suka rasa abin ɗagawa, sai suka ɗaga kyaftin ɗinsu, suka zagaya da ita, hannuwanta biyu a sama ba komai a ciki, kyamara ta bi su. Kwamishina ya durƙusa a kan marmara, usur na reto a wuyansa, yana tsince gutsattsarin da ke da zinariya yana zubawa a hularsa.

Ƙuri'ar da aka kaɗa bayan mako guda ba ta ɗauki lokacin ɓare ƙaguwa ɗaya ba. Kofin Odessa Kellam, na ƙarfe mai kauri, wanda ko daga saman bas ya faɗo ba abin da zai same shi. Amma Mista Stansbury ya riga ya sha wadda ta fi wannan ɗaci tun washegarin wasa.

Da safe aka gaya masa a waya cewa yana shafin farko na jarida. Nan take ya warware. Manyan mutane, ko a faɗuwa, shafin farko suke faɗawa. Ya aiki direba ya sayo duk kwafen da ke kantin unguwa, don a raba wa shagunansa. Ya zauna, ya gyara tabarau, Lorraine ta zuba masa gahawar safe ta tsaya a bayansa.

Hoton ya cinye rabin shafi. Ga Tamsin a kafaɗun 'yan uwanta tana dariya, ga Misis Wojcik tana tafi. Can a kusurwa, an ɗan yanke kafaɗarsa, ga shi a durƙushe. Ya bi rubutun da ke ƙasa da yatsa.

"Kyaftin Tamsin Rourke da 'yan ƙungiyarta suna murnar lashe gasar da marigayiya Odessa Kellam ta kafa. A hagu, wani mutum da ba a tantance sunansa ba yana share gilashi."